Gogen da ke Cikin Kwamfuta Ba Bogi Ba Ne

Wani abokina mai son fina-finai masu dogon zango ya zo mini da ƙorafi, wai an yaudare shi. Akwai wani shiri da yake bi, kiɗan gogen da ake sakawa a wuraren baƙin ciki har ƙwalla yake sa shi. Sai ya ji labarin cewa babu wata ƙungiyar makaɗa da ta zauna ta kaɗa shi, mutum ɗaya ne ya haɗa abinsa a ɗaki da kwamfuta. "Ashe duk bogi ne," in ji shi. "Na'ura na yi wa kuka."

Maganar ta ba ni haushi, ba don komai ba sai don na sha jin irinta daga bakin waɗanda ya kamata su fi shi sani. Wasu su ce ragwanci ne, wasu su ce sata ce. Yanzu kuma an samu sababbin masu duba da ke cewa kwanan wannan fasaha ya ƙare tunda ƙirƙirarriyar basira ta iso.

Ni dai ga matsayina. Rumbunan sautin goge da masu haɗa kiɗa ke aiki da su, wato tarin sautukan makaɗa da aka naɗa aka ajiye a kwamfuta, ba bogi ba ne, kuma ba arha kaɗai ta sa suka daɗe ba. Sun daɗe ne saboda mutane ne a cikinsu, sannan suna bar wa mai tsara kiɗa ragamar kowane sauti a hannunsa. Kayan kiɗa ne masu zaman kansu, akwai gwanayensu akwai 'yan kwaɓensu. Inda abin zargi na gaske yake, wato haƙƙin makaɗan da aka naɗi sautinsu, can ne kuma masu surutun ba su cika leƙawa ba.

Me ke cikin rumbun?

A babbar ƙungiyar makaɗa irin ta Turai, wadda ake kira okestira, fiye da rabin mutanen masu goge ne. Yawanci za ka samu masu bayolin na farko 16, na biyu 14, masu biyola 12, masu celo 10, sai mutum 8 masu ƙaton gogen nan mai kaurin murya da ya kai tsayin mutum. Sittin ke nan.

Kamfanin da ke son yin rumbu zai ɗauko irin waɗannan makaɗa, rukuni-rukuni, ya zaunar da su a zauren naɗar sauti. Ba waƙa za su kaɗa ba. Sauti ɗaya za su ja, su riƙe, su saki, a yi shiru har amsa-kuwwar zauren ta mutu, sannan a hau na gaba. A ja shi a hankali kamar raɗa, a ja shi tsaka-tsaki, a ja shi da ƙarfi. A gama wannan a koma gajeren bugu, a koma tsinkar tsirkiya da yatsa, a koma karkarwar sanda, a koma jan sanda dab da katakon da ke tallafe da tsirkiya don sautin ya fito da ƙaiƙayi.

Gajeren bugu kuwa sai an naɗe shi sau da yawa. Dalili shi ne idan kwamfuta ta maimaita naɗi guda sau takwas a jere, kunne zai gane nan take, abin ya koma kamar harbin bindiga mai sarrafa kanta. Haka ma masu sana'ar ke kiran wannan aibi.

Mafi wahala shi ne tsallakawa daga sauti zuwa sauti. Idan mai goge ya tashi daga wannan zuwa wancan ba tare da ɗaga sanda ba, akwai ɗan zamewar yatsa da ɗan ƙazantar sauti da ke shiga tsakani, wanda bai kai ƙiftawar ido ba. Nan ran kiɗan yake. Don haka sai an naɗi kowace tsallaka daban. A ce rukuni yana da sauti 40, kowanne kuma za a tsallaka daga gare shi zuwa 12 na sama da 12 na ƙasa: tsallaka kusan dubu ke nan, a matakin ƙarfi ɗaya kacal.

To, wannan ne ake kira na'ura? Mutane ne suka shafe shekaru tun ƙuruciya suna koyon riƙe sanda, suka zauna kwana da kwanaki suna aikin da ya fi kaɗa waƙa gajiyarwa. Abin da ke fitowa daga lasifika sautin hannunsu ne da katakon gogensu da bangon ɗakin da suka zauna.

Me ya sa injin zalla bai kore su ba?

An jima ana ƙoƙarin ƙera sautin goge da lantarki tsantsa. A 1974 aka fitar da Solina, wani fiyanon lantarki da aka yi don ya kwaikwayi taron goge. Mutane sun so shi, har yau ana son sa, amma ba wanda ya taɓa ruɗewa ya ɗauka makaɗa ne.

Abin da ke sa taron goge ya cika kunne shi ne rashin daidaituwarsa. Mutum 16 suna jan sauti guda, amma babu biyu da suka yi daidai ɗari bisa ɗari. Wannan ya haura kaɗan, wancan ya makara da ɗan taƙi, kowa da saurin girgiza yatsansa. Wannan ƙaramin saɓani ne kunne ke ji a matsayin ɗumi da kauri. Ƙera shi da lissafi yana da wuya, naɗe shi kuwa makirufo kawai ake buƙata da haƙuri.

Shi ya sa dabarar naɗa ta girmi kwamfutar gida. A 1963 aka fara ƙera Mellotron a Birmingham ta Ingila. Ƙarƙashin kowane madanni akwai zaren tef da aka naɗi makaɗa na gaske a kai, ka danna ya yi ta kaɗawa kusan daƙiƙa takwas ya ƙare. A 1979 Peter Vogel da Kim Ryrie suka fitar da Fairlight a Sidni ta Ostireliya, naɗin ya koma cikin kwamfuta. Matsalar wancan zamani ita ce ƙarancin ƙwaƙwalwar na'ura, sai a naɗi ɗan guntun sauti a riƙa juya shi. Manhajar GigaSampler ce ta kwance wannan ƙulli a 1998, da ta fara janyo sauti kai tsaye daga faifan ajiya. A 2000 Herb Tucmandl, wanda shi kansa mai celo ne, ya kafa Vienna Symphonic Library, kamfanin da ya yi suna da naɗar tsallakar nan da na ambata. A 2002 kuma manhajar Kontakt ta fito daga Balin ta Jamus, wadda rumbuna masu ɗimbin yawa ke gudana a kanta har yau.

Shekara sittin da ɗoriya ke nan ana kan dabara ɗaya, kayan aiki ne kawai ke sauyawa. Abin da yayi ne kawai ba ya kai haka.

Akwai kuma ɗakin. Wanda bai shiga harkar ba zai yi mamakin yadda masu saye ke tambayar inda aka yi naɗi tun kafin su tambayi su wa suka kaɗa. Zauren Lyndhurst na situdiyon AIR a Landan tsohon coci ne da George Martin, mai shirya faifan mawaƙan Beatles, ya mayar wurin naɗa, sautinsa yana daɗewa yana shawagi. Teldex na Balin da nasa halin, Synchron na Biyana ta Ostiriya da nasa. Ana kafa makirufo kusa da makaɗa, a kafa wasu sama da kan madugu, wato jagoran makaɗan, wasu can nesa, a bar wa mai saye ya gauraya yadda yake so. Wato wanda bai taɓa taka Landan ba yana iya sanya kiɗansa a cikin wancan zaure.

"Amma ai ba su kaɗa waƙar ba"

Gaskiya ne, ba su kaɗa ta ba. Wani ne ya ɗauki guntayen ya jera. Sai dai wanda zai ƙi abu saboda wannan dalili, to ya shirya ƙin kusan duk kiɗan da aka naɗa tun zamanin tef. Faifan da kake ji kamar an kaɗa shi a zama ɗaya, galibi an yanko nan an liƙa can ne. Glenn Gould, shahararren mai fiyanon nan na Kanada, ya daina wasa a gaban jama'a a 1964 ya koma situdiyo kacokan, kuma bai ɓoye cewa yana haɗa naɗi da naɗi ba. Ba wanda ya ce ba makaɗi ba ne.

Kuma duk wanda ya ce danna madanni ne kawai, bai taɓa zama kusa da mai yin aikin ba.

Ka dubi wanda ya iya yana saka layin celo. Hannun dama na kan madannai, na hagu na kan wani ɗan gargare da ke gefen fiyanon. Yana tura shi sama, sautin na ratsawa daga naɗin raɗa zuwa naɗin ƙarfi. Yana janyo shi, sautin na lafawa. Bai isa ya bar hannun nan ya tsaya ba ko na daƙiƙa ɗaya, domin mai goge na gaske ba ya riƙe sauti a ƙarfi guda. Ya gama, ya saurara, ya yamutsa fuska. Sai ya shiga gyara ɗaya bayan ɗaya: ya janyo kowane sauti ya fara da wuri kaɗan, saboda tsallakar da aka naɗa tana ɗaukar lokaci kafin ta iso, in bai yi haka ba celo zai riƙa bin ganga a baya. Ya tsinke wani dogon sauti biyu, saboda ya san sanda tana da iyakar tsayi, dole mai ita ya juyo. Ya sauya wani bugu da wani. Kiɗan rabin minti yana iya cinye masa yini.

Wanda bai san yadda goge ke numfashi ba, ko ka ba shi rumbu mafi tsada a duniya, abin da zai fito masa kamar ogan ne. Wanda ya sani kuwa, da rumbun kyauta zai sa ka tsaya ka saurara.

Ban ce babu bambanci ba, kada a yi mini mummunar fahimta. Madugu yana iya ce wa makaɗa sittin, "Ku sake, amma kamar kuna jin nauyin faɗin maganar," su sake, kiɗan ya canza gaba ɗaya. Babu madannin da ke yin wannan. Gudu mai sauri har yanzu yana tona asirin rumbu, haka ma bayolin guda idan aka bar shi shi kaɗai a fili. Masu sana'ar sun san da haka, shi ya sa da yawa suke ɗauko mai goge ɗaya ko biyu su naɗe shi a saman na rumbun. Kunne ya kama numfashin mutum ɗayan, sai ya yarda da sauran.

Bakin wasu ya rufe, wannan ba ƙarya ba ne

Nan ne nake sassauta murya, domin masu wannan kuka suna da hujja.

Akwai lokacin da tallan talabijin da ƙananan shirye-shirye suke kiran makaɗa situdiyo a biya su. Yawancin irin wannan aiki ya tafi, kuma ba zai dawo ba. Wanda ya ce rumbuna ba su da hannu a ciki yana kare abin da yake so ne kawai.

Faɗan ma ba sabo ba ne. Da fim mai magana ya shigo a 1927, dubban makaɗan da ke wasa a gidajen sinima na Amurka suka rasa aiki cikin 'yan shekaru, ƙungiyarsu ta yi ta kamfe a jaridu tana yaƙar abin da ta kira kiɗan gwangwani. A watan Maris na 2003 makaɗan Broadway, unguwar gidajen wasan kwaikwayo a birnin New York, suka tafi yajin aiki na kwana huɗu kan adadin makaɗan da dole kowane gidan wasa ya ɗauka, bayan masu gidajen sun nuna za su iya maye gurbinsu da na'ura. 'Yan wasa da ma'aikatan dandamali suka mara musu baya, yawancin wasanni suka tsaya cak. An sasanta, amma an rage adadin.

A wannan faɗa na Broadway ina bayan makaɗa ba tare da wani kwana-kwana ba. Mutumin da ya sayi tikiti don ya ga wasa kai tsaye, ya biya kuɗin mutane masu rai ne. A kunna masa naɗi a ɓoye, wannan cuta ce. Haka kuma kamfanin fim da ke da kuɗin ɗaukar okestira, ya ƙi, ya sa rarar a aljihu, ba fasaha ce ta yi laifi ba, rowa ce.

To amma mu dubi ɗaya ɓangaren. Su wa suka fi sayen rumbunan nan? Ɗalibai, masu ƙananan wasannin kwamfuta, masu shirin gaskiya da ba su da kasafi, mawaƙan da ke naɗa a ɗakin kwanansu. Cikinsu babu wanda dā zai iya ɗaukar mutum sittin da zaure da injiniya ko na awa uku. Ba su kori kowa ba. Zaɓinsu bai taɓa zama tsakanin rumbu da okestira ba, tsakanin rumbu ne da babu.

Kuma a manyan fina-finai ma abin ya zama tsani ne zuwa ga makaɗa. Yau da wuya darakta ya amince a kashe kuɗin naɗi bai ji samfurin kiɗan ba tukuna. Mai tsarawa zai haɗa shi da rumbu, a yi gyara, a yi gardama, a amince, sannan a rubuta takardu a kai gaban makaɗa. Ƙungiyoyin makaɗa na biranen Budafes da Firag da Sofiya suna samun aiki daga ko'ina a duniya ta wannan hanya, mai tsara kiɗan na zaune a wata nahiya yana sauraro ta intanet yana ba da umarni. Da yawa daga cikin masu aiko musu aiki, a kan rumbu suka koyi sana'ar.

A tuna da Schubert, mai tsara kiɗa na Ostiriya. Ya rasu a 1828, babbar simfoninsa, wato dogon kiɗan okestira, ba a kaɗa ta a gaban jama'a ba sai 1839 a Leipzig ta Jamus, ƙarƙashin madugu Mendelssohn. Haka masu tsara kiɗa suka rayu ƙarni da ƙarni: ka rubuta, ka ajiye, ka jira wani mai iko ya ga dama. Yau akwai rumbun okestirar BBC, wanda aka naɗa a situdiyon Maida Vale na Landan aka fitar a 2019, daga baya kuma aka fitar da ƙaraminsa da ake bayarwa kyauta. Yarinyar da ta rubuta layi huɗu da safe za ta ji su kafin azahar, ta gane inda ta yi kuskure, ta gyara. Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne, bai taɓa rubuta abin da ya kasa ji ba.

"Duk kiɗan ya zama iri ɗaya"

Wannan zargi ya fi ci mini rai, saboda yawancinsa gaskiya ne.

Ka saurari tallan fina-finai goma a jere. Gajeren bugun goge mai tsalle-tsalle yana ta maimaituwa a ƙasa, dogon sauti yana kumbura a sama, ganga ta faɗo. Na goma kamar na farko. Akwai dalili: gajeren bugu da dogon sauti mai sauƙi su ne abin da rumbu ya fi iyawa. Mai haɗawa ya gwada layi mai lanƙwasa, ya ji bai yi daɗi ba, ya goge, ya koma abin da na'urar ke so. A hankali sai ya zama ba shi ke rubuta kiɗan ba, rumbun ne ke gaya masa abin da zai rubuta.

Tun zamanin Fairlight aka ga alamar haka. Akwai wani bugu guda na okestira da aka yanko daga faifan wani aikin mai tsara kiɗa Stravinsky aka saka a cikin na'urar. A shekarun 1980 sai da ya zama ba inda ba ka jin sa.

Ga kuma kuskuren da ke saurin fallasa sabon shiga. Ya buɗe rukunin bayolin, ya danna sauti uku lokaci ɗaya kamar yana kaɗa fiyano. Kowane madanni naɗin mutum 16 ne, don haka ya tara masu bayolin 48 ke nan, abin da babu shi a okestira ta yau da kullum. A zahiri 16 ɗin nan ne za su rabu uku, sautin ya yi siriri, ya yi haske. Akwai rumbunan da aka yi musamman don wannan rabo, irin su LA Scoring Strings da ya fito a 2009. Amma sai wanda ya san da matsalar zai nemi maganinta.

Saboda haka na yarda akwai cuta, ban yarda daga rumbun take ba. Fiyano ma yana da abin da hannu ke saurin faɗawa, jita ma haka. Maganin ɗaya ne ko'ina: ka saurari makaɗa na gaske da yawa, ka karanta yadda aka raba musu aiki, ka rubuta abin da ke kanka tukuna sannan ka tilasta wa na'ura ta bi ka. In ta kasa, ka nemo mutum.

Bari in ɗan ratse. Akwai wata jaraba da ke damun masu wannan sana'a, ta sayen rumbu a kan rumbu. Duk ƙarshen watan Nuwamba kamfanoni su zubar da farashi, mutum ya saya, ya sauke, ya danna sau biyu, ya manta da shi. Kullum gani yake na gaba ne zai gyara masa kiɗa. Kamfanonin sun san wannan rauni kuma suna cin moriyarsa, ga shi da yawansu ba su yarda ka sayar wa wani abin da ka saya ba. Abin dariyar shi ne idan aiki ya matso, tsohon rumbun da hannunsa ya saba da shi yake buɗewa. Manhaja tana tsufa, amma naɗin makaɗa masu kyau a ɗaki mai kyau ba ya tsufa. Sautin gogen Mellotron, da shashsheƙarsa da karkarwarsa, har yau ana neman sa da gangan.

To ƙirƙirarriyar basira fa?

Abokan hamayya biyu ne, kuma bai kamata a haɗa su ba.

Na farko su ne manhajojin da ba naɗi suke kunnawa ba, lissafin yadda tsirkiya da sanda ke aiki suke yi nan take, irin su SWAM. Ba su cin wuri a kwamfuta, kuma suna bin hannu fiye da rumbu, musamman a goge guda. Ina ganin suna da makoma. Sai dai a kunnena, idan aka zo taron goge a cikin zaure, har yanzu naɗi ne a gaba.

Na biyu su ne irin su Suno da Udio, waɗanda za ka rubuta musu jimla su miƙo maka kiɗa a gama. Masu cewa waɗannan za su binne rumbuna ba su fahimci aikin ba. Darakta ba ya cewa "ba ni kiɗan baƙin ciki". Cewa yake yi: lokacin da ta buɗe ƙofa, biyola su shigo, kada bayolin su hau sai ta juyo, an yanke daƙiƙa biyu daga wannan fage, a gyara kafin gobe. Mai rumbu zai buɗe aikin, ya matsar da sauti huɗu, ya tura. Mai jimla kuwa sai dai ya sake jefa ƙuri'a ya ga abin da zai fito.

Ga kuma batun shari'a. A watan Yunin 2024 manyan kamfanonin faifai, Universal da Sony da Warner, suka maka waɗannan kamfanoni biyu a kotu kan zargin horar da manhajojinsu da waƙoƙin mutane ba izini. Rumbu kuwa asalinsa a fili yake: ga zauren, ga ranar, ga waɗanda suka sa hannu, ga lasisin da ya ba ka damar sayar da kiɗan da ka yi da shi. Gidan talabijin da ba ya son rigima ya san wanda zai zaɓa.

Ba na musun cewa kiɗan bango mai arha, irin wanda ake sakawa don kawai kada a yi shiru, zai koma hannun waɗannan manhajoji. Zai koma. Amma duk wanda ke son sautin da ya ji a kansa ya fito yadda ya ji shi, sai ya riƙe kowane sauti da hannunsa.

Bashin da ake bin mu

Mai celon da ta zauna makonni tana jan sauti ɗaya-ɗaya, an biya ta kuɗin zama. Daga nan sautinta ya shiga fina-finai da tallace-tallace da waƙoƙin da ba za ta taɓa sanin adadinsu ba, shekara da shekaru. Wani lokaci ma aikin da dā ita za a kira, sautin nata ne ya hana a kira ta. Wannan ne wurin da ya kamata a ɗaga murya, ba wai ko abin bogi ne ba.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Spitfire Audio, wanda Christian Henson da Paul Thomson suka kafa a Landan a 2007, ya yi suna da biyan makaɗansa wani kaso daga ciniki. Tunda wani ya yi kuma bai karye ba, sauran ba su da uzurin cewa ba zai yiwu ba. Biya sau ɗaya a sallami mutum, a ci gaba da sayar da hannunsa har abada, ciniki ne na wanda ya fi ƙarfi.

Mu masu saye muna tambayar makirufo nawa aka kafa, matakin ƙarfi nawa aka naɗa, gigabayit nawa zai ci. Ya kamata a ƙara tambaya a kai: makaɗan suna da kaso? Kamfanin da ke biya zai yi farin cikin amsawa. A kuma rubuta sunayensu a takardar rumbun, ga waɗanda suka yarda, kamar yadda ake rubuta na injiniya da na mai kamfani.

Sannan akwai sabuwar ƙofa da ta buɗe. Dubban sautuka tsaf-tsaf, kowanne da alamarsa da matakin ƙarfinsa, su ne ainihin abin da mai horar da ƙirƙirarriyar basira yake nema. Makaɗan da suka sa hannu shekara goma sha biyar da suka wuce sun yarda ne a yi kayan kiɗa da sautinsu, ba su yarda a koya wa inji yadda zai yi ba tare da su ba. Duk kamfanin da ke son yin haka da tsofaffin naɗinsa, ya koma ya nemi izininsu, da sabuwar yarjejeniya da sabon biya.